Injin wanki ya tsaya: abin da za a duba kafin a kira mai gyara

Yau za mu yi magana a kan injin wanki mai murfi a sama. A da, sai a gidajen manyan ma'aikata ake ganinsa. Yanzu ya shiga gidaje da yawa a birnin Damagaram. Ana samunsa a Mirriya, da Magariya, da Matamaye, da Tanut, da Gure, da sauran garuruwan da wutar lantarki ta kai. Wasu samari ma sun saye shi don sana'ar wanki da guga. Da shi suke neman abincinsu.

Injin wanki kuɗi ne masu yawa. Amma sau da yawa za ka shiga gida ka tarar an jingine shi a lungu, an ɗora masa tabarmi, kaji suna kwana bisansa. In ka tambaya, sai a ce maka ya mutu. Alhali kuwa abin da ya tsai da shi bai taka kara ya karya ba. Wani lokaci yashi ne ya toshe hanyar ruwa. Wani lokaci dala biyar ce da aka manta cikin aljihu ta maƙale a ciki. Wani lokaci wuta ce ta yi rauni.

A ƙasarmu abu uku ne suka fi tsai da injin wanki: ruwa, da wuta, da yawan kaya. Wanda ya san waɗannan uku zai iya gano yawancin matsalolin da kansa. Zai kuma san lokacin da ya kamata ya janye hannunsa, ya kira mai gyara.

Ku san irin injin da ke gidanku

An fara sayar da injin wanki mai aiki da lantarki a Amurka wajen shekara ta 1908. A 1937 aka fito da wanda ke yin aikin duka da kansa. Yau iri biyu masu murfi a sama ake samu a kasuwanninmu.

Na farko shi ne mai baho biyu. Babban bahon na wanki ne. Ƙaramin na matse ruwa ne. Kai ne za ka zuba masa ruwa da bokiti ko da tiyo. Kai ne za ka ɗauke kayan daga babban baho ka mai da su ƙarami.

Na biyu shi ne mai baho ɗaya. Ana haɗa shi da famfo. Shi zai ja ruwa, ya wanke, ya ɗauraye, ya matse, ya tsaya da kansa.

Ga manyan sassan da ya kamata kowa ya sani:

1. Faifai. Shi ne abin nan mai da'ira a ƙasan baho. Yana juyawa dama da hagu, yana kaɗa ruwa da kaya.
2. Moter. Shi ne zuciyar injin. Yana ƙarƙashin baho. Mai baho biyu yana da moter biyu.
3. Bel. Igiyar roba ce wadda ke kai ƙarfin moter zuwa ga faifai.
4. Kondansater. Wani ƙaramin gwangwani ne da ke taimakon moter ya tashi.
5. Agogo. Shi ne makunnin da ake murɗawa don a ƙayyade mintocin wanki.
6. Tiyon zubar da ruwa, da robar da ke rufe hanyarsa daga ciki.
7. Rariyar zare. Ƴar jaka ce ko raga a jikin baho, mai tara zare da datti.

Halin ruwa da wuta a Damagaram

Kamfanonin da ke ƙera waɗannan injuna suna yin su ne da tunanin famfo mai ƙarfi da wuta tsayayya. A nan kuwa sha'anin daban yake.

Birnin Damagaram yana zaune bisa dutse. Kowa ya san manyan duwatsun da ke cikin Birni. Irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa da yawa. Damagaram ce babban birnin Nijar daga 1911 har zuwa 1926, lokacin da Turawan Faransa suka mai da mazauninsu Yamai. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar. Har yau daga nesa ake turo wa birnin ruwa: daga Gogo da Macaya a kudu, da Arunguza da Ganaram a arewa. Lokacin bazara famfo yakan yi rauni, ko ya ɗauke. Gidaje da yawa suna sayen ruwa wurin ƴan garuwa, su zuba a tano. Ruwan da ya kwana a tano yakan tara yashi da laka a ƙasa.

Injin mai baho ɗaya yana iya shan lita 100 ko fiye a wanki guda. Bido huɗu ke nan masu lita 25. Mai baho biyu ya fi dacewa da mai sayen ruwa, don ana iya wanke kaya kashi biyu ko uku da ruwa ɗaya. A fara da fararen kaya, a ƙare da masu duhu. Mai shirin sayen inji ya yi wannan lissafi tun yana gida.

Wutar da NIGELEC ke bayarwa bolt 220 ce. Wani kashi nata yana zuwa ne daga Nijeriya, ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. An yanke wannan wuta a watan Agusta na 2023, aka maido da ita a watan Maris na 2024. Lokacin zafi, sa'ad da kowa ya kunna fanka da firji, wuta takan yi ƙasa a unguwanni. Wuta mai rauni tana wahal da moter, tana sa shi zafi.

Doka ta farko: a cire waya

Ruwa da lantarki ba sa ga maciji. Kafin ka taɓa kome a jikin injin don gyara, cire wayarsa daga soket. Kashe makunni kawai bai isa ba. Cire wayar, ka ajiye kanta inda idonka ke gani.

Kada ka taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu. Kada ka tsaya ba takalmi a kan jiƙaƙƙen daɓe. Sa takalmin roba busasshe. Kada ka taɓa kondansater da hannu, don yana iya riƙe wuta ko bayan an cire waya. A kori yara daga wurin.

Yanzu ga matsalolin ɗaya bayan ɗaya. A kowace, a fara da abu mai sauƙi.

1. Injin bai tashi ba, ko motsi bai yi ba

Da farko duba ko akwai wuta a gidan. Kunna ƙwan fitila. In akwai wuta, jona rediyo ko fanka a wannan soket ɗin. In su ma ba su tashi ba, laifin soket ne. Duba makunnin da ke kusa da konter, watakila ya faɗi.

In soket lafiya yake, cire wayar injin ka bi ta da ido daga farko har ƙarshe. Ɓeraye suna son cin waya. In ka ga ta tsage, kada ka ɗaure ta da leda ko tsumma. A canja ta.

Duba murfi. Bahon matsewa ba ya tashi in murfinsa bai rufu sosai ba. Injin mai baho ɗaya ma haka yake. An yi shi haka ne don tsaron hannun mutane.

In injin yana cikin aiki ne ya tsaya, taɓa bayansa. In ya yi zafi ƙwarai, moter ne ya kashe kansa don kada ya ƙone. Cire waya, rage kaya, bar shi ya huce kamar rabin awa, sa'an nan ka sake gwadawa.

2. Yana gurnani amma faifai ba ya juyawa

Kashe shi nan da nan. In ka bar shi yana gurnani, moter zai ƙone. Moter kuwa yana cikin sassa mafi tsada.

Abu na farko da za a zarga shi ne yawan kaya. Kilon da aka rubuta a jikin injin, kamar kilo 7 ko kilo 10, nauyin busassun kaya ne. Ba a danna kaya kamar ana cusa gero a buhu. A raba baho uku, a cika kashi biyu, a bar ɗaya. Babbar riga, da bargo, da labule suna yin nauyi ƙwarai in sun sha ruwa. A wanke su ɗai-ɗai.

Abu na biyu, wuta. Dubi ƙwan fitila ko fanka. In fanka tana tafiya a hankali, wuta ta yi rauni. Dakata har ta dawo daidai. Sassafe ya fi tsakar rana.

Abu na uku, wani abu ya maƙale. Cire waya, zubar da ruwa, kwashe kaya. Juya faifai da hannu. In ya cije, kwance dunƙulen ƙusar da ke tsakiyarsa, ka ɗaga shi sama. A ƙarƙashinsa za ka iya samun kuɗin ƙarfe, ko allurar hijabi, ko maɓalli, ko zaren da ya nannaɗe. Tsabtace wurin, ka mai da faifai, ka ɗaure.

In faifai yana juyawa da hannu salin alin, amma moter ya kasa tashi, galibi kondansater ne ya mutu. Ba shi da tsada kamar moter. Amma canja shi aikin mai gyara ne.

3. Moter yana gudu amma kaya ba sa motsi

Kana jin ƙarar moter daidai, amma ruwa yana tsaye. Nan galibi bel ne. Ko ya saki, ko ya zame, ko ya tsinke. Zafi da yawan kaya suna saurin cinye shi.

Cire waya. Buɗe murfin baya. Za ka ga bel. Danna shi da yatsa. In yana reto, ko ya tsattsage, ya gaji. Akwai lamba a rubuce a jikinsa. Ɗauki tsohon ka tafi da shi kasuwa, don a ba ka daidai da shi. Ga amfanin karatu: wanda ya iya karanta lambar nan ba za a sayar masa da wanda bai dace ba.

In bel lafiya yake, duba faifai. Wani lokaci haƙoran da ke cikin tsakiyarsa ne suka cinye. Sandar ƙarfe tana juyawa, shi yana tsaye. Sai a sayi sabon faifai.

4. Ruwa ba ya shiga, ko yana shiga kaɗan-kaɗan

Wannan matsalar injin mai baho ɗaya ce. Buɗe wani famfo a gidan ka gani. In ruwa yana ɗiga ne kawai, injin ba shi da laifi. Ƙofar ruwansa tana bukatar ruwa mai ƙarfi. Wasu injunan in sun daɗe suna jira sai su tsaya, su yi ƙara, su nuna harafi da lamba. Kowane kamfani da irin lambobinsa. A duba littafin da ya zo da injin. Saboda haka kada a yar da wannan littafi.

In famfo yana da ƙarfi, rufe shi, ka kwance tiyon daga bayan injin. A bakin wurin akwai ƴar ƙaramar raga. Yashi yana toshe ta. Zaro ta a hankali, wanke ta da tsohon buroshin haƙori, ka mai da ita. Kada ka yar da ita. In babu ita, yashi zai shiga ƙofar ruwa ya hana ta rufuwa.

Mai amfani da tanki ya ɗaga shi sama. Yawancin injuna suna son tanki ya ɗara su da mita 3 zuwa 5. In bai kai ba, ruwa ba zai yi ƙarfi ba.

Mai zuba ruwa da bokiti kuma kada ya kwarfo na ƙasan tano. A bar ruwa ya kwanta. In da laka, a tace shi da tsabtataccen ƙyalle.

5. Ruwa ba ya fita, ko ba ya tsayawa a baho

In ruwa ya ƙi fita, fara da tiyo. A injin mai baho biyu ruwa yana gangarowa ne da kansa. Dole tiyo ya kwanta ƙasa. In an rataye shi, ko ya lanƙwashe, ko an ɗora masa wani abu, ruwa ba zai wuce ba. Miƙe shi. In bai yi ba, cire shi ka zura masa ruwa, don zare da yashi su fita.

Wasu injuna masu baho ɗaya suna da ɗan famfo a ciki mai tura ruwa waje. Irin waɗannan, rataye tiyonsu ake yi sama. In an kwantar da shi, ruwa zai yi ta zurarewa. Littafin injin zai gaya maka irin naka.

In kuwa ka zuba ruwa ya tsiyaye ta tiyo, duba makunnin zubar da ruwa. Watakila an bar shi a buɗe. In a rufe yake, to wani abu ya shiga ƙarƙashin robar da ke toshe hanya. Cika baho da ruwa, ka buɗe ka rufe makunnin sau da yawa. Sau tari ruwan zai tafi da abin. In bai tafi ba, a buɗe murfin baya a ciro robar a wanke. In ta bushe ta tsage, a canja ta.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Mu ɗauki misali. A ce uwargida ta sayi bido biyu wurin ɗan garuwa, ta zuba, ta shiga ɗaki ɗauko sabulu. Kafin ta fito ruwa ya bi rariya. Kuɗi sun tafi, wanki bai yiwu ba, saboda maɓalli guda.

6. Yana rawa, yana buga jiki, yana tafiya

Injin da ke tsalle lokacin matsewa bai zauna daidai ba. Kada a ajiye shi bisa yashi. A samar masa daɓen siminti mai shafe. Girgiza shi da hannu. In yana lilo, gyara ƙafafunsa ko ka sa masa katako mai faɗi.

Sai kuma yadda ake zuba kaya. In sun taru gefe guda, baho zai yi ta dukan jikin injin. Tsai da shi, baza kayan ko'ina daidai. Masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. Danna su, sa'an nan ka ɗora ɗan murfin roba na ciki. Kada a matse kaya ba tare da wannan murfi ba. In babu shi, safa ko ɗankwali zai yi tsalle ya faɗa tsakanin baho da jikin injin, ya toshe hanyar ruwa.

Ga gargaɗi babba. Bahon matsewa yana gudu ƙwarai. Yana iya karya hannu. In an buɗe murfi, birki ne ke tsai da shi cikin ƴan daƙiƙu. In ka buɗe ya ci gaba da gudu, birki ya lalace. Kada a sake amfani da shi sai an gyara. Kada kowa ya sa hannu sai ya tsaya cik. Kada a bar ƙaramin yaro kusa da baho mai ruwa, ko injin a kashe yake.

7. Ruwa yana zuba ƙarƙashin injin

Share wurin ya bushe, ka zuba ruwa kaɗan, ka ga inda yake fitowa. In tiyo ne ya huje, canja shi. Rana tana busar da roba har ta tsage. Don haka a ajiye injin a inuwa. Zafin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40.

Yawan omo ma yana kawo yoyo. Kumfa yana tashi ya zubo ta baya, ya jiƙa wayoyi. Yawan kumfa ba ya ƙara tsabta. Ruwan ɗauraya kawai yake ci.

In ruwan yana ɗigowa daga tsakiyar baho ne, robar da ke kewaye da sandar ƙarfe ta mutu. Moter yana ƙarƙashin wurin. Ruwa zai zuba kansa. Daina aiki, kira mai gyara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

8. Injin yana jan mutum

In ka taɓa ruwa ko jikin injin ka ji wuta tana tsikarinka, ko kaɗan ne, kada ka ce ba kome. Wuta tana zurarewa. Yau tsikari ne, gobe tana iya kisa. Cire waya. Kada kowa ya sake kunna shi.

Kan wayar injin wanki yana da hanya ta uku, wadda ake kira wayar ƙasa. Ita ce ke kai wutar da ta ɓace cikin ƙasa, maimakon jikin mutum. Gidaje da yawa ba su da ita. A nemi ma'aikacin lantarki ya kafa ta. Kada a zura tsirarun wayoyi cikin soket a tokare da tsinke. Kada a bar mahaɗin waya yana kwance a ƙasa inda ruwa ke bi.

In wuta ta kama mutum, kada ka taɓa shi da hannu. Kashe wutar daga konter. In ba hali, ture shi da busasshen icce. A kai shi likita nan da nan, ko ya ce ya ji sauƙi.

Haka kuma in ka ji ƙaurin ƙuna, ko ka ga hayaƙi, cire waya. Kada a watsa ruwa ga abin da ke jone da wuta.

In kaya ba sa fita, ko suna wari

Ciro rariyar zare ka wanke ta bayan kowane wanki. Lokacin hunturu, a kakkaɓe ƙurar kaya kafin a zuba su. Kayan gona masu laka a fara jiƙa su a bokiti. Narka omo a ruwa tukuna. A wuraren da ruwa ke da kanwa ko gishiri, kamar wajen Muniyo da Manga, farin abu yakan daskare a jikin baho. A goge shi da ruwan lemun tsami.

Sau ɗaya a wata a juya injin da ruwa da ɗan jabel, ba kaya a ciki. Kada a haɗa jabel da lemun tsami ko wani abu mai tsami. Haɗin yana fid da iska mai guba. Bayan wanki a bar murfi a buɗe ya sha iska. In ya bushe a rufe shi da zane saboda ƙura.

Kayan da suka jiƙe da fetur ba a sa su cikin inji, don suna iya kama wuta. Kayan da aka yi feshin maganin ƙwari da su a wanke su dabam, kada a haɗa da na iyali.

Rigakafi ya fi magani

1. A lalube aljihu kafin wanki.
2. A ɗaure mazagin wando, kada ya nannaɗe faifai.
3. In wuta ta ɗauke, a cire waya. Wani lokaci takan dawo da ƙarfi ta ƙone kaya.
4. In hadari ya taso da walƙiya, a cire waya.
5. Mai hali ya sayi regilater, wato na'urar daidaita wuta. Injin mai baho ɗaya ya fi bukatarta.
6. Mai aiki da gurup ya duba wat ɗin da aka rubuta a bayan injin. Moter yana jan wuta fiye da haka lokacin tashi. Ƙaramin gurup ba zai ɗauka ba.
7. Mai sayen tsohon inji ya karanta takardar da ke manne a bayansa. In an rubuta 220, ko 230, ko 240, ya dace da wutarmu. Na Amurka 120 ne, na Japan 100. In an jona su kai tsaye za su ƙone.
8. Kada a murɗa agogo da ƙarfi. Haƙoransa na roba ne.

Ruwan wanki ba abin yarwa ba ne

A tari ruwan da ke fita a bokiti. Na farko mai sabulu a wanke salga da shi, ko a yayyafa a tsakar gida don ƙura ta kwanta. Na ɗauraya ta ƙarshe a ajiye shi don wanki na gaba, ko a ba itacen inuwa. Kada a ba dabbobi. Kada a zuba wa salati ko tumatir da ake ci ɗanye. Kada kuma a sake shi ya kwanta a titi. Ruwan da ya kwanta gidan sauro ne, sauro kuwa shi ke kawo zazzaɓin masassara.

In za a kira mai gyara

Ƙonewar moter, da kondansater, da agogo, da birki, da allon lantarki na mai baho ɗaya, da wutar da ke jan mutum, duk aikin mai gyara ne. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kafin ya zo, rubuta sunan injin da lambarsa a takarda. Rubuta abin da ka gani da abin da ka ji, da abin da ka riga ka duba. Wannan zai rage masa lalube, ya rage maka kuɗi. Ku yi ciniki kafin ya fara aiki. In ya canja wani abu, ya nuna maka sabon, ya ba ka tsohon.

To, jama'a, in injin ya tsaya, kada a yi saurin cewa ya mutu. A cire waya. A duba wuta, a duba ruwa, a duba yawan kaya. Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa maƙwabcinsa. Malaman yaƙi da jahilci su kai shi aji, a tattauna. Matan gida su ne suka fi aiki da wannan inji, saboda haka a tabbata ya kai gare su. Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya ba mu damina mai albarka.